Kaset Ɗin da Ba a Juya Ba

A gonar mahaifinta Suwaiba ta fara ganinsa, tsaye ƙiƙam a tsakiyar gero, riƙe da wata doguwar sanda mai zanen ja da fari. Fura ta kawo wa mahaifin nata, Malam Ayuba, daga cikin garin Bakura. Ba ta same shi a gindin tsamiyar da ya saba hutawa ba, sai wannan baƙon saurayi da gumi ya jiƙa wa riga sharkaf.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori. Ma'aikatan awo na bin gonaki suna auna inda za a haƙa hanyoyin ruwa, manoma kuwa ko inuwarsu ba sa son gani.

"Sannu da aiki," ta ce tana danne dariya. "Tsuntsaye anka sa ka kora, ko geron kaka tsaro kada shi gudu?"

Saurayin bai juyo ba, don can nesa wani Bature na leƙensa ta madubin awo.

"An ce in na motsa aikin ya ɓaci," ya faɗa ta gefen baki.

"To Allah shi ba da lada, mutum-mutumi."

Nan fa dariya ta kufce masa, sanda ta karkace, Bature ya hau ɗaga hannu yana faɗa. Saurayin, mai suna Nasidi, ya juyo ya dube ta sosai. Ya ga wushirya, ya ga idanu cike da tsokana, ya ji a ransa cewa awon ma ya daɗe bai ɓaci ba.

Nasidi ɗan wani ƙauye ne a bakin gulbi kusa da Maradun, cikin ƙauyukan da aka ce ruwan dam zai cinye. Maraya ne, baffansa Maiwada ya riƙe shi har ya gama sakandare a Gusau. Riƙon sandar nan aikin jiran sakamako ne kawai, amma shi ya ja masa abin da bai yi tsammani ba, mai daɗi da marar daɗi.

Daga ranar ya zama ba ya fashin kasuwar Talata Mafara, inda Suwaiba ke raka mahaifiyarta, Inna Marka, sayar da daddawa. Saurayin da ko tukunya ba shi da ita, sai ga shi kullum yana ciniki.

"Wai daddawar ga duk mi kaka yi da ita?" ta tambaye shi wata rana.

"Ajiya nika yi, har mai miyar ta iso."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Kai dai bakinka bai da linzami."

"Da gaske nika, Suwaibata. In ban gan ki ba Talata ba ta zama Talata."

Sai ta ƙara masa gyara mai tsoka. Inna Marka ta yi kamar tana korar ƙuda, ba ta ga komai ba.

Kafin magana ta kai ga manya, ruwa ya riga ya hau ƙauyen su Nasidi, an kwashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu. A cikin wannan damuwa kuma sai ga labari mai daɗi: gwamnati ta zaɓe shi cikin samarin da za ta tura ƙasar waje koyon tuƙin jirgin sama. Da wannan ƙarfin gwiwa Maiwada ya ɗauki dattawa biyu suka nufi Bakura.

An yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida da gajiya da damina da dabbobi. Da aka zo kan magana, Malam Ayuba ya daɗe yana shafa gemu.

"Yaron ga na san shi," ya ce. "Shi na yar riƙa sandar awo cikin gerona. Gidansu na ƙarƙashin ruwa, yanzu kuma kun ce jirgin bisa za shi tuƙi. Ƙasa babu, sai bisa. To ina za a kai mani ɗiya?"

Maiwada ya yi ta ba da baki. Daga ƙarshe, don kada a ce ya wulaƙanta baƙi, Malam Ayuba ya ce, "Shi tahi shi dawo da takardar tuƙin, sa'annan a yi magana."

Kowa ya san irin wannan "a yi magana" ta dattawa. Kora ce da hannu mai taushi.

Ranar sallama a soron gidan su Suwaiba suka tsaya, Suwaiba na ta murza bakin mayafi. Ta miƙa masa ƙullin kuka da daddawa.

"An ce can ko tuwo babu," ta ce.

"Za ki jira ni?"

"Kai dai dawo. Kada ka ga Turawa ka mance da mai daddawa."

Kafin ya tafi ya bar wa baffansa wakilcin karɓar aure, ko da Allah zai juyo da zuciyar dattijon. Maiwada ya karɓa ne kawai don kada ya karya masa gwiwa.

Wani ƙaramin gari aka kai su a ƙasar Sikotilan, inda rana ke leƙowa kamar mai jin kunya ta koma. Shi da wani ɗan Sakkwato mai suna Isa suka kama ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa. Suwaiba karatun allo ta yi, ba ta karanta boko, don haka kaset ya zama wasiƙarsu. Kuma Nasidi yana da tsarinsa. Gefen farko na manya ne, gaisuwa zalla, kowa da sunansa. Shi ake kunnawa a ƙofar gida da rediyon aro, Malam Ayuba ya saurara fuskarsa a gefe, in an gama ya sa takalmi ya tafi masallaci. Gefe na biyu na Suwaiba ne ita kaɗai. Takan kai shi gidan ƙawarta Batulu, wadda mijinta ke da rediyo mai kaset, ta saurara a ƙuryar ɗaki, ta kuma ɗauki amsa.

A gida kuwa abubuwa sun sauya. Katafila ta shigo ta daidaita filayen da aka auna, ta tumɓuke itatuwa, ta share gambar da ke raba gona da gona. Malam Ayuba ya rage magana. Kullum da safe sai ya fita ya ce za shi duba aiki, ya dawo da ƙura har gwiwa, ya ture kwanon abinci.

Sai kuma ga Jibrin, direban a-kori-kura da ke jigila tsakanin Talata Mafara da Bakura. Saurayi ne mai tsabta, mai gidan kwano, mai yawan fara'a ga iyaye. Ya turo magabatansa neman auren Suwaiba, Malam Ayuba ya ce su ba shi lokaci ya yi shawara. Wannan labarin Nasidi ya same shi a wasiƙar baffansa. Kuma daidai wannan lokaci kaset ɗin Suwaiba ya daina zuwa. Ya aika, shiru. Ya sake aikawa, shiru. Zuciya kuwa in ta rasa amsa, ita ke ƙirƙiro wa kanta mafi muni.

A cikin wannan hali makon gwaji ya riske shi, a tsakiyar sanyi. Gwajin shi ne ɗalibi ya tashi shi kaɗai, ya bi taswira zuwa wasu garuruwa, ya komo inda ya tashi. Wanda ya faɗi sau biyu sai gida.

Wajen riƙe jirgi babu wanda ya kai Nasidi a ajinsu. Matsalarsa ɗaya ce, ɗan manomi ne. Da ido yake karanta ƙasa. Ya haddace kowane jan rufi, kowace karkatar hanya, kowane shingen gona, yadda ya haddace kukokin hanyar Maradun yana yaro. Malaminsa, wani dogon kyaftin mai jan gemu, ya sha gaya masa ya dogara da kamfas da agogo. Nasidi ya ce to, ya ci gaba da leƙen taga, tunda idon bai taɓa ba shi kunya ba.

Ranar Lahadi dusar ƙanƙara ta sauka. Litinin gari ya waye tangaran, aka ce ya tashi.

Da ya yi sama ya duba, sai ya ga ba ƙasar da ya sani ba ce. Komai fari fat. Babu jan rufi, babu shinge, ƙananan hanyoyin duk sun shafe. Ya karkata hagu yana neman wata mararraba da ya sani, bai gan ta ba. Ya karkata dama. Kafin ya tuna da kamfas ya riga ya rasa inda ya fito. Allurar mai ta fara sauka. Ya danna rediyo zai kira filin jirgi, Turancin ya gudu ya bar shi, ya ji bakinsa na cewa, "Na ɓata. Jama'a, na ɓata."

Da kyar ya haɗa kalmomin da za su gane. Wata murya mai sanyi ta riƙa ba shi kwatance har ya ga filin ya sauka.

Kyaftin bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Asabar za ka sake. Ka san abin da ke biyo baya."

Da ya koma ɗaki ya tarar da Isa yana haɗa akwati. Nasa gwajin na biyu ne, kuma bai haye ba.

"Laraba za ni tahi," Isa ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "In kana da saƙo kawo, ta Talata Mahwara motarmu ka bi."

Washegari da la'asar, duhu ya riga ya rufe gari yadda ya saba a can, Nasidi ya zauna a bakin gado ya sa sabon kaset. Ya gyara murya ya yi gaisuwar manya tsaf, bai tsallake kowa ba. Ya danna ya tsayar. Daga nan ya daɗe zaune yana kallon bango, yana jin kukan iska a jikin taga. Can ya kai hannu ya sake dannawa, ya fara magana da Suwaiba. Mutumin da bai taɓa kuskuren wannan tsari ba, yau ya manta bai juya kaset ɗin ba.

Ya raka Isa tashar jirgin ƙasa ya dawo ɗaki mai gado biyu da mutum ɗaya. Daga ranar ba ya Hausa da kowa sai in ya ɗaga hannu bayan salla. Kewa ta kama shi irin wadda ke hana haɗiyar abinci, kewar mutane da hayaniya da rana mai zafi, har kewar ƙurar da yake tsaki a kanta da.

Amma bai kwanta ba. Da safe sai ya tafi filin, ya shiga jirgin da ke ajiye da ƙatuwar rigar sanyi, ya ɗora taswira a cinya, ya yi ta bitar hanyar da baki: nan zan fuskanta, in riƙe, in dubi agogo, in juya. In ya kama kansa yana leƙen taga sai ya dawo da ido kan allura. Da yamma ya tuƙa tuwon garin alkama da ragowar kukar da Suwaiba ta ba shi. Warin daddawa ya fito da tsohuwar mai gida, ta leƙo tana toshe hanci. Ya ba ta ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta yi godiya irin tasu. Washegari ya sami burodi mai ɗumi a bakin ƙofarsa.

Juma'a ta zo babu masallaci, babu wanda zai ce masa barka. Ya yi azahar shi kaɗai a kan bargo, ya roƙi Allah abu biyu, ya kuma ji kunyar cewa ya riga ya sallama ɗaya da bakinsa.

Asabar ƙanƙarar na nan yadda take. Ya tashi, ya saita kamfas, ya riƙe. Ƙasa fara fat a ƙarƙashinsa, zuciyarsa na ta ce masa karkata hagu, ka kauce, wallahi ka kauce. Ya cije ya ƙi. Da agogo ya cika, sai ga garin farko ya ɓullo daidai hancin jirgin, da hayaƙin gidajensa. Haka na biyu. Da ya sauka kyaftin ya riƙe hannunsa ya daɗe yana girgizawa.

Ya dawo ɗaki ya zauna da rigar sanyinsa a jiki. Ya ci gwaji, kuma babu wanda zai gaya wa. Kaset ɗin da ya sallama Suwaiba a ciki ya riga ya yi nisa. Kukan da bai yi ranar da ya ɓata ba, ranar ya yi shi.

Shi kuwa Isa, da motarsu ta tsaya a tashar Talata Mafara, ya tambayi wanda ke zuwa Bakura, aka nuna masa Jibrin. Bai san ko wane ne ba. Ya ba shi saƙon, ya kuma ƙara da labarin cewa Nasidi ma yana bakin kora.

Bayan la'asar Jibrin ya iso ƙofar gidan Malam Ayuba da kaset a hannu ɗaya, ƙaton rediyonsa a ɗayan, bakinsa har kunne. Aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka matso. Inna Marka da Suwaiba suka tsaya daga cikin soro, bayan asabari.

Murya ta fito, a ɗan dushe. "Assalamu alaikum. Ina gaida Baba Malam Ayuba. An wuni lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali, ƙaƙa haƙuri da gonaki? Ina gaida Inna Marka…" Haka ya bi kowa har ya ƙare. Aka ji ƙas. Malam Ayuba ya jawo takalminsa kamar kullum. Ya sa ƙafa ɗaya ke nan sai muryar ta dawo, amma ba irin ta ɗazu ba.

"Suwaiba. Suwaibata. Ni na, mutum-mutuminki."

Inna Marka ta dafe ƙirji. Suwaiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya kamata shi ne mai rediyo ya kashe, uba kuma ya bar wurin, don ba a jin irin wannan tsakanin suruki da suruki. Jibrin sai ya ƙara murya.

"Ban san ko har yanzu kina saurarena ba. Jiya na ɓata. Na tashi ni ɗai, ƙanƙara ta ruhe ƙasa dut. Na diba ban gane komi ba. Iccen da nis sani babu, hanyar da nis sani babu.

"Kahin in taho nan na taɓa hawan kwalekwale na tai neman gidanmu bisa ruwan dam. Mun yi ta zagaye, mai kwalekwale na tambayata ina na, ina na, ni ko ban iya nuna mai ko inda anka binne uwata da ubana ba. Jiya hakanan ta sake samuna, sai dai a bisa.

"Kin san abin da yaz zo mani a rai? Gonar Baba. An ce an share ta, ba tsamiya, ba gamba. Ban san ƙaƙa dattijo ka gane gonar ubanai ba in an yi mata haka. Ni na ɗanɗana na wuni guda, na ji kamar raina za shi hita. Ni kuma nar riƙa sandar.

"Asabar za a sake gwada ni. In na hwaɗi sai gida, ba takarda. Na ji zancen Jibrin. Shi yana da gida, yana da mota. In shi Baba yaz zaɓa, ki bi, kada ki saɓa mai don ni. Ina son ki, Suwaiba, son da ban san inda za ni aje shi ba in kin tahi. Amma ba ni so ki tsuhwa kina jiran wanda ko hanyar gida bai ganewa. Ki sa ni addu'a. Nan babu kowa."

Kaset ya ci gaba da juyawa babu magana. Malam Ayuba na tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Maƙwabta kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma.

"To Baba, kun dai ji da kunnenku," Jibrin ya ce. "Shi da bakinai."

Dattijon ya juyo a hankali. "Kai ka taɓa ɓata, Jibrin?"

"Ni? Hanyar ga ko idona ruhe ina bin ta."

"Madalla. Allah shi ba ka wadda tad dace da kai. Ka gaida mutanen gida."

Jibrin ba wawa ba ne. Ya ciro kaset ɗin ya ajiye a kan tabarma, ya ɗauki rediyonsa, ya yi sallama da muryar da ba ta fita sosai.

Malam Ayuba ya shiga soro. Suwaiba na durƙushe, fuskarta a cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ke," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Har yanzu shi kika so, ko da ya hwaɗi?"

Ta ɗago kai. "Ko da sandar awo yad dawo, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce wa Inna Marka a nemo wanda zai je Maradun ya kira masa Maiwada.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa sannan ɗan ƙunshi ya iso wa Nasidi. Ya rubuta wa baffansa cewa ya ci gwaji, amma wasiƙar da ƙunshin sun yi saɓani a hanya. Ya ajiye kaset ɗin da ke ciki a kan tebur ya wuni yana zagaya shi. Ya tabbata sallama ce, ko ma gayyatar bikin wani. Daga ƙarshe ya yi bisimilla ya kunna.

Abin da ya fara ji hayaniya ce: kukan jaki, ƙahon mota, mai tallan rake, wani na rantsuwa a kan farashin akuya. Kasuwar Talata ce sak. Ashe dattijon da bai taɓa taɓa rediyo ba, shi ya je da ƙafarsa rumfar mai sayar da kaset, ya zauna a tsakiyar samari.

"Nan za ni magana? Wurin ramukkan ga? To. Nasidi, Ayuba na. Na ji gaisuwarka, na amsa. Na kuma ji abin da ba ni anka yi ma ba. Ka yi haƙuri, mai rediyon bai kashe ba, ni ko ƙahwata ta ƙi tahiya.

"Yaro, tun da anka share hilin nan, kullum da sahe ina hita neman gonar ubana. In tsaya nan in ce nan ta, in matsa in ce a'a. Da rana tsaka, ga garinmu ina hange, amma ɓatacce ni. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko uwar ɗiyan. Sai ga shi na ji shi ga bakinka, daga wata duniya.

"Zancen sanda ya wuce, na yahe. Ran Juma'ar da taw wuce, bayan an sauko masallaci, baffanka ya amsar maka auren Suwaiba. Ban san ko ka ci ko ka hwaɗi ba, ban kuma tambaya ba. In ka ƙare abin da kaka yi, taho gida. Allah shi yi muku albarka. Yanzu juya, sauran ba nawa na ba."

Nasidi ya ciro kaset ɗin da sauri har ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya juya.

"Mijina." Ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa. "Bari in sake hwaɗi, ya yi mani daɗi. Mijina. Ka kunyata ni gaban unguwa, har yau ban iya haɗa ido da Baba. Kai da ka iya juya jirgi, kaset yaf hi ƙarhinka?

"Shirun da kaj ji ba mantuwa ta ba. An ɗauke mijin Batulu an kai shi Gusau, sun tahi da rediyon. Wanda yar rage na Jibrin na, ni ko na rantse ba ni sa muryata cikin kayanai. Wanga ma aro na baffanka yay yo muna. Kaset-kaset ɗinka dut suna nan ƙarƙashin matashina, gehena ban ji ba, sai dai in ɗauka in riƙe.

"Kuma kada ka sake ce mani in bi wani. Wa yac ce maka kai ka bada ni? Ka ci abinci, ka ruhe kunnuwanka da sanyi. Ina nan."

Ya saurara har ya rasa ko sau nawa. Daga nan ya miƙe, ya ji ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya sauko ƙasa ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar mai gida, ya gaya mata da Turancin da ke ta harɗewa cewa ya yi aure.

"Yaushe?" ta tambaya, ido waje.

"Tun makonnin baya. Yau na sani."

Ba ta gane yadda hakan ke yiwuwa ba, amma ta ga fuskarsa. Ta kama hannunsa da hannayenta biyu, ta ja shi kicin ta ɗora shayi.

Bayan kaka Nasidi ya dawo da takardarsa. Aka yi biki tun daga Bakura har sabon matsugunin Maradun, inda Maiwada ya gina musu ɗaki a kan tudu, ana hango ruwan dam daga ƙofa. Malam Ayuba ya dafa kan 'yarsa ya yi addu'a mai tsawo, muryarsa ta karye a tsakiya, ya ce mura ce.

Da 'yan rakiya suka watse, ango da amarya suka zauna a bakin gado, kowa na kallon ƙafarsa. Mutanen da suka cika kaset da zance, yau ga su kusa da juna an rasa mai farawa.

"Yi magana in ji," Suwaiba ta ce daga cikin lulluɓi.

"Mi za ni ce?"

"Komi. Na gaji da jin ka da batir."

Ya yi dariya, ya ɗaga mayafin a hankali, ya kira sunanta. Ta amsa.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka, ya kuma dawo da kowane matafiyi ga masu jiransa lafiya.